Firefox 115 ESR da Thunderbird a kan tsohuwar kwamfuta mai Windows 7

Kwamfutocin gwanjo irin su Dell Latitude da HP EliteBook har gobe suna aiki a shagunan buga takardu da ofisoshi, kuma da yawansu Windows 7 ne a ciki. Microsoft ta daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, Windows 8.1 kuma a Janairun 2023. Saboda haka duk nauyin kariya ya koma kan burauza da manhajar imel. Na gwada su a kan na'ura mai Core 2 Duo da RAM giga 4, ga abin da na gani.

Chrome ya tsaya a lamba 109 a kan Windows 7, haka ma Edge. Suna buɗe shafuka lafiya lau, wannan ne ma ke yaudarar mutane. Duk wata kafa da masu kutse suka gano tun 2023 tana nan a buɗe, babu mai toshe ta. Ban ga dalilin shiga asusun banki da su ba.

Firefox 115 ESR, wato nau'in Firefox da ake daɗewa ana yi wa gyaran tsaro, shi ne na ƙarshe da kamfanin Mozilla ta yi wa Windows 7 da 8.1, kuma ta yi ta tsawaita wa'adin aiko masa da gyaran tsaro. Shi na zaɓa. Yana da rumbun takardun shaidar tsaro nasa na kansa, bai dogara da na Windows ba. Amfanin haka ya fito fili a ƙarshen Satumban 2021, lokacin da wata tsohuwar shaidar da Let's Encrypt, mai ba shafuka shaidar tsaro, ke jingina da ita ta ƙare, tsofaffin na'urori suka fara ƙin buɗe shafuka masu yawa. Sai dai a tabbata lambarsa ta kai 115.13 ko sama, domin a Maris ɗin 2025 wata shaida ta cikin Firefox ta ƙare, waɗanda ke ƙasa da haka ƙarin manhajojinsu suka daina aiki. A duba ta ƙarƙashin Help, sannan About Firefox. A sauke shi daga shafin Mozilla kawai, kada a karɓa a filashin mai gyara.

Da an girka shi, abu na farko shi ne uBlock Origin, ƙarin manhaja mai toshe tallace-tallace. Tallace-tallace su ke cinye RAM da data, ta cikinsu kuma ake cusa maɓallan saukewa na bogi. Bambancin a bayyane yake: shafin labaran da ke sa fankar kwamfuta kuka sai ya buɗe shiru. Kada a tara masa wasu ƙari barkatai. Da giga 4, shafuka biyar ko shida a lokaci guda sun isa. Idan ta fara nauyi, a rubuta about:processes a gurbin adireshi, za a ga shafin da ke shan ƙarfi a rufe shi. In bidiyo na ƙyafta ido ko allo na yin baƙi, a kashe hardware acceleration a sashen Performance, domin yawanci tsohon direban hoto ne ke jawo shi.

Akwai wata matsala da ake ɗora wa burauza alhali ba laifinsa ba ne. Idan kowane shafi na cewa haɗin ba shi da tsaro, a kalli agogon kwamfutar. Ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci, mai kama da kwabo, yawanci CR2032, idan ya mutu sai kwanan wata ya koma shekarun baya, shaidu duka su zama kamar ba su fara aiki ba. Canza batirin shi ne magani.

Akwai wasu burauzoji irin su Supermium da Pale Moon. Suna aiki, amma mutane ƙalilan ne ke kula da su, don haka ba zan miƙa musu kalmar sirrin banki ba.

Ta ɓangaren imel, Outlook Express da Windows Live Mail sun gama yayi. Ba su san OAuth2 ba, wato hanyar shiga imel ba tare da ba manhaja kalmar sirri ba, Google kuma ya rufe shiga da kalmar sirri zalla tun Mayun 2022, Outlook.com ya biyo baya a Satumban 2024. A manhajar imel ta Thunderbird, lamba 115 ce ta ƙarshe ga Windows 7. Saitin Gmail: imap.gmail.com a tashar 993, smtp.gmail.com a 465, duka da SSL/TLS, hanyar tantancewa OAuth2. Na ji daɗin yadda yake toshe hotunan cikin wasiƙa har sai an ba shi izini, a bar wannan yadda yake. A kan tsohon hard disk, a taƙaita wasiƙun da yake saukewa zuwa na kwana 30, in ba haka ba zai yi ta niƙa. Raunin Thunderbird 115 shi ne an daina sabunta shi, saboda haka wanda imel ɗinsa ke da muhimmanci gara ya buɗe Gmail ta cikin Firefox.

Idan na'urar 64-bit ce, Linux Mint Xfce, wanda ake girkawa a madadin Windows, yana tashi da RAM giga 2, ya fi sakewa da giga 4, kuma a can Firefox da Thunderbird na yanzu ake samu. A kwashe fayiloli tukuna, a gwada shi daga filashi a ga ko wayafai da firinta suna aiki kafin a goge Windows.