WordPress ko Hugo: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Rubuta Manhaja?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko WordPress za ka ɗauka ko Hugo, manhajoji biyu na gina shafin intanet, tunda kana son buɗe shafin da za ka riƙa rubuta abin da kake koya a harkar rubuta manhaja. Bambancin su biyun yana farawa ne daga abin da ke faruwa a lokacin da mai karatu ya buɗe shafinka.

WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, an rubuta shi da yaren manhaja na PHP, kuma yana ajiye rubutu a rumbun bayanai na MySQL. Idan mai karatu ya danna adireshi, sai saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin a intanet, ta nemo rubutun daga rumbun, ta haɗa shafin, sannan ta miƙa masa. Hugo kuwa, wanda Steve Francia ya fara a 2013 da yaren Go, yana gama wannan aikin ne tun a kan kwamfutarka: ka rubuta maƙala a fayil ɗin Markdown, wato rubutu zalla mai 'yan alamomin tsari, ka ba da umarni guda, ya fitar maka da shafukan HTML kammalallu. Saba ba ta da sauran aiki sai miƙa fayil.

Daga nan maganar kuɗi ta taso. WordPress da za ka girka da kanka yana buƙatar masauki a kan saba wanda ake biya duk wata ko duk shekara, kuma idan kamfanin na ƙetare ne, da dala za ka biya, abin da duk mai riƙe da katin naira ya san ɗacinsa. Shafin Hugo kuwa GitHub Pages, masaukin shafuka na dandalin ajiye kod na GitHub, zai ɗauke shi kyauta, har da HTTPS mai tsare sadarwa tsakanin shafin da mai karatu, muddin bai wuce gigabayit 1 ba, kuma da wuya rubutu zalla ya kai nan. Abin da ya rage maka shi ne kuɗin sunan adireshi, idan ma kana son naka na kanka.

Inda na fi so ka tsaya ka yi nazari shi ne ɗawainiya. Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kan WordPress suke, saboda haka masu kutse sun sa masa ido, kuma galibin ɓarakar da ake samu daga ƙananan manhajojin da ake ƙara masa take fitowa. Ke nan sabunta su ya zama wajibi, adana kwafin rumbun bayanai ma haka, kuma wani lokaci sabuntawar ce da kanta za ta rikita fasalin shafin. Mutum ya zauna da niyyar rubutu, sai ya ƙare da gyara. A ɓangaren Hugo babu rumbun bayanai, babu ƙofar shiga da za a yi ta gwada kalmar sirri a kanta. Kana buga umarnin hugo server, shafin zai buɗe a kan kwamfutarka a adireshin localhost:1313 ko da ba ka da data, kana gyara jimla kana ganin canjin nan take. Idan ka gamsu, umarnin git push, mai tura fayiloli zuwa GitHub, ya wadatar, matuƙar ka saita GitHub Actions tun farko domin ya riƙa gina shafin yana wallafa shi da kansa. Launin da ke bambance sassan kod ma a cikin Hugo yake, alhali a WordPress yawanci sai an ƙara wata manhaja.

Sai dai WordPress bai kai inda ya kai a banza ba. Sharhin masu karatu, akwatin bincike da rubutu daga waya duk a shirye suke. A Hugo kowanne sai ka nemo shi daban, kamar Giscus domin sharhi, wanda shi ma sai mai asusun GitHub ne zai iya rubutu a cikinsa. Tsarin fasalin Hugo kuma yana ba sabon shiga ciwon kai a kwanakin farko, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

A ganina, tunda kai kaɗai za ka riƙa rubutu kuma ka riga ka saba da Git, manhajar da ke bin diddigin canje-canjen fayiloli, Hugo ya fi maka. Idan kuwa akwai abokan aiki da ba su san Git ba kuma za su riƙa saka nasu rubutun, ko kana tunanin sayar da darussa nan gaba ta WooCommerce, manhajar kasuwanci da ake ƙara wa WordPress, to ka ɗauki WordPress. Kowanne ka zaɓa, ka gwada fasalin da haruffan ɓ, ɗ da ƙ kafin ka wallafa, domin ba kowane salon haruffa ne yake ɗauke da su ba.