Raba yaro mai galahanga da alkama da madara: a rana ɗaya ko ɗaya bayan ɗaya?

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Kin ce ɗanki shekararsa biyar, yana da lalurar galahanga, wato otizim, nauyinsa kilo 18, kuma yakan yi kwana uku ko huɗu bai yi bayan gida ba. Kina son raba shi da alkama da madara kamar yadda wasu iyaye ke yi, sai shawara ta rabu biyu: wasu sun ce ki cire duka a rana ɗaya, wasu sun ce ɗaya bayan ɗaya. Kina tambayar wadda ta fi sauƙi ga cikinsa.

A ganinmu ɗaya bayan ɗaya ta fi, kuma da madara za a fara. Amma akwai ayyuka biyu da ya kamata su riga kowace hanya.

Na farko shi ne gwajin jini na cutar siliyak, cutar da gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, yake lalata bangon ƙaramin hanji. Gwajin, wanda ake kira tTG-IgA, martanin jiki ga gulutin yake nema. Idan yaro ya daina ci, martanin sai ya kwanta, sakamako ya fito lafiya lau alhali ciwon na nan. Wanda ya riga ya cire kuwa, sai ya mayar da yaro kan alkama fiye da sau ɗaya a rana har mako shida kafin a ɗibi jini. Don haka a yi gwajin tun yana ci. Na biyu shi ne a warware cushewar cikin da yake fama da ita yanzu, za mu dawo kanta.

Ya kamata ki san abin da za ki sa rai da shi. Matsalar ciki a wajen waɗannan yara gaskiya ce: wani nazari da mujallar Pediatrics ta buga a 2014 ya nuna sun ninka sauran yara kusan sau huɗu wajen fama da ita. Amma da aka gwada cire gulutin da kesin, wato furotin ɗin madara, a Jami'ar Rochester ta Amurka, a binciken da ya fito a 2016 kan yara 14, ba a ga bambancin a zo a gani ba a ɗabi'a ko barci ko bayan gida. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ita ma ta ce kada a yi amfani da wannan tsarin abinci a matsayin maganin ita galahangar kanta. Saboda haka gwaji ne za ki yi don lafiyar cikinsa, gwajin da ke da ranar farawa da ranar ƙarewa.

To, ga yadda hanyoyin biyu suke idan aka jera su.

Ta fuskar gane mai laifi, cirewa a rana ɗaya ba ta gaya miki komai. In ciki ya gyaru, ba ki san madara ce ko alkama ba, sai ki ci gaba da hana shi duka biyun shekara da shekaru, wataƙila ɗaya ba ta da laifin komai. In ya ƙara lalacewa, ba ki san ko sabon burodi ne, ko sabuwar madarar tsiro, ko yunwa ba. A ɗaya bayan ɗaya abu guda ne ya sauya, shi za ki tuhuma. Dalilin farawa da madara kuwa shi ne ita ce ke da hujja mafi ƙarfi: a wasu yara furotin ɗinta na jawo taurin bayan gida, har likitocin hanjin yara sun yarda a gwada cire ta na mako biyu zuwa huɗu idan cushewa ta ƙi jin magani. Ki lura, madarar da aka rubuta ba ta da laktos sukarinta kawai aka cire, kesin ɗin na nan.

Inda hanyoyin suka fi rabuwa shi ne abin da yaron zai yarda ya ci. Da yawa daga cikin yara masu galahanga abinci biyar ko shida suka sani, kuma galibi burodi ne da taliya da biskit da madara. Kwashe su duka a wuni guda kwashe masa rabin abincinsa ne. Yaro mai galahanga yana iya zaɓar yunwa a kan abincin da launinsa ko laushinsa ya sauya, ba taurin kai ba ne, haka jikinsa yake jin abin. Abinci ya ragu, ruwan da yake samu daga madara ya tafi, hanji ya rage motsi, bayan gida ya ƙara bushewa. Ya yi yunƙuri ya ji zafi, gobe sai ya riƙe, abin ya ƙara tauri. Wasu za su ce miki dauɗa ce ke fita daga jiki, ki daure. Babu hujjar wannan magana, yaron da ke kuka yana danna cikinsa a jikin kujera ciwo yake ji. A hanya ta biyu kuwa, wato ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da burodinsa yayin da kike sauya madara: kwana biyu kashi ɗaya cikin huɗu na sabuwa a kofinsa, kwana biyu rabi da rabi, kafin mako ya cika ya koma sabuwa zalla. Daga ranar ne za ki fara ƙirga mako huɗu, babu madara, babu yogot, babu cuku, kina karanta abin da aka rubuta a jikin kowane kwali.

Abincin da ake maye gurbi da shi ma yana da nasa ɓarna, kuma a hanya ta farko duk a lokaci guda take sauka. Burodi da biskit marasa gulutin yawanci garin shinkafa ne da sitacin masara ko na rogo, kusan babu faiba, wato ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa wanda ke sa bayan gida laushi. Ma'auni mai sauƙi shi ne shekarun yaro a ƙara biyar: ɗanki na bukatar aƙalla giram 10 a rana. Rabin kofi na dafaffen wake ya kai giram shida, tuffa guda da ɓawonta kusan huɗu, kofin farar shinkafa bai kai ɗaya ba. A ƙara a hankali tare da ruwa kamar kofi biyar a rana, in ba haka ba kumburi da iska za su biyo baya. Kada ki cike gurbin madara da ruwan 'ya'yan itace, na tuffa musamman yana kawo gudawa. Mililita 120 zuwa 180 ya isa ɗan shekara huɗu zuwa shida. Madarar shinkafa kuma ba a ba yaron da bai kai biyar ba saboda sinadarin asenik mai guba da ke cikinta.

Sai kalsiyam. Daga shekara huɗu zuwa takwas yaro na bukatar miligiram 1,000 a rana, kofin madara ɗaya na ba da kusan 300. Duk hanyar da kika bi, ki nemi madarar waken suya da aka ƙara wa kalsiyam da bitamin D, ki girgiza kwalin don kalsiyam ɗin yakan kwanta a ƙasa. In ya ƙi sha, likita ya rubuta masa ƙari.

Hanya ta biyu ba ta rasa aibi ba. Tana cin kusan wata uku, mutane kan gaji a tsakiya, a yi ta ragewa ana ɗan bayarwa har gwajin ya zama ba a cire ba, ba a bari ba. Akwai kuma inda cirewa nan take ce daidai: idan gwaji ya tabbatar da siliyak, ko madara na sa shi kurji, kumburin leɓe, amai ko wahalar numfashi. Nan ma abu ɗaya ne za a cire, wanda aka kama da laifi.

Yanzu cushewar. Wannan ita ce inda iyaye suka fi ruɗewa. Idan busasshen kashi ya toshe ƙarshen hanji, mai ruwa yakan zagaye shi ya ɗiga a wando ba da sanin yaro ba. Uwa ta ga kamar gudawa ce, ta ɗora wa sabon abinci laifi, ko ta ba da maganin tsayar da gudawa, toshewar ta ƙaru. Alamarsa ita ce ɗigo kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, da ciki mai tauri, da kashi ƙato jefi-jefi. Abinci kaɗai ba ya fitar da wannan. Maganin da likitoci ke farawa da shi makrogol ne, wanda ake sayarwa da sunan Movicol ko Miralax, gari ne da ke riƙe ruwa a cikin hanji. Don fitar da toshewa ana ba da giram 1 zuwa 1.5 ga kowane kilo a rana, kwana uku zuwa shida, wato giram 18 zuwa 27 ga ɗanki. Bayan haka a koma giram 0.2 zuwa 0.8 ga kowane kilo a rana, aƙalla wata biyu, sannan a janye a hankali. Likitansa ne zai duba cikin ya yanke adadin, kuma ki gaya masa duk maganin da yake sha, don risferidon, maganin da ake ba wasu masu galahanga, da maganin ƙarin jini na ayon suna busar da ciki. Kuskuren da aka fi yi shi ne daina magani da zarar an ga laushi, alhali hanjin da ya buɗe bai gama komawa daidai ba. Ki riƙa zaunar da shi a masai minti biyar bayan cin abinci, lokacin da hanji ke motsi da kansa, da abin taka ƙafa don gwiwa ta ɗara ƙugu.

Kada ki jira komai idan kika ga jini a bayan gida, koren amai, ciki ya kumbura ya yi tauri da zazzaɓi, rama, ko awa takwas babu fitsari. Asibiti za ki nufa.

Idan bayan gida ya daidaita, ki yi mako biyu kina rubutu kawai ba tare da sauya komai ba: abin da ya ci, sau nawa ya fita, tauri ko laushi, barci, da lokutan kuka. Ki auna nauyinsa. Sai madara ta fita mako huɗu, sannan ki mayar da ita na mako guda. In matsalar ta tafi da fitarta ta kuma dawo da dawowarta, kin kama mai laifi. In littafinki bai nuna bambanci ba, ki bar masa madararsa, sannan ku zauna da likita ko masanin abinci ku duba ko akwai dalilin taɓa alkama.