Na'urar da ke gane kayan wuta da kanta ko filogi mai awo: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, tsakanin biyun nan da ka ambata, wato na'urar da ake haɗawa a babban akwatin wutar gida ta riƙa tantance kowane kaya da kanta, da kuma filogi mai awo da ake sa wa soket ɗaya-ɗaya, ta farkon nake amfani da ita, kuma ita zan ce ka ɗauka.

Wasu zobba ne ake maƙala wa manyan wayoyin da suka fito daga mita, ba a yanke komai. Jimillar wutar gidan kaɗai na'urar take gani. Sai dai kowane kaya da salon jan wutarsa. Kwamfuresan firji idan zai tashi yakan fizgi wuta da ƙarfi na ɗan lokaci sannan ya lafa. Dutsen guga kuwa a miƙe yake ja, ya ɗauke, ya sake kamawa. Manhajar da ke tare da na'urar an horar da ita da bayanan gidaje masu yawa, don haka tana gane su kamar yadda kake gane mutanen gidanku da takunsu tun ba su shigo ɗaki ba. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. George Hart ne ya faro ta a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, ya wallafa cikakken bayaninta a 1992. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne ƙarfin awo: wasu na'urorin suna auna wutar har sau miliyan ɗaya a daƙiƙa guda.

Abin da ya sa na riƙe ta hannu bibbiyu, wata safiya na duba waya sai na ga ta nuna injin tura ruwa yana ta tashi cikin dare, kowa na barci, babu mai buɗe famfo. Da aka bi sawu, ashe tankin ruwan banɗaki ne ke yoyo a hankali, ruwa na zuba, injin na biye masa. Injin nan kai tsaye aka haɗa shi da wayar wuta, ba shi da soket, saboda haka filogi mai awo ba zai taɓa ganinsa ba.

Ba cewa na yi ba ta da aibi. Sai ta yi makonni tana koyo kafin ta fara kiran kaya da sunansa. Butar lantarki da dutsen guga da hita duk dumama ƙarfe suke yi, salonsu ya yi kama, tana yawan rikita su sai ka gyara mata a manhaja. Na'urar sanyaya ɗaki mai inbata, wato wadda injinta ke ƙara gudu ko ragewa maimakon ya riƙa kashewa yana kamawa, tana ba ta wahala, domin jan wutarta hawa da sauka yake yi a hankali, babu wani tsalle da za ta kama. Caja da ƙananan ƙwayayen fitila kuma a dunƙule take zuba su wuri guda.

Filogi mai awo, to, lissafinsa daidai ne, amma soket ɗaya yake gani, shi ke nan.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Duk wanda ya ce maka ranar da aka haɗa za ta zayyano kayan gidan gaba ɗaya, ƙarya yake yi. Wasu ma mitar awo ce zalla suke liƙa mata sunan ƙirƙirarriyar basira, alhali jimilla kawai take nunawa. Ka ce ya buɗe maka manhajar ka ga jerin kayan da ta gano da idonka. Sannan ka duba tsarin wuta: da yawa an ƙera su ne don wutar Amurka mai bolt 120 da 240, ba lallai su dace da gidan da ke kan 230 ba, kuma ba kowane ɗan kasuwa ne zai faɗa maka ba. Idan kana da sola, ka tambaya ko akwai ƙarin zoben da ke auna ta.

Ka sayi ta akwatin, ka ƙara filogi ɗaya mai amfiya 16 don duk kayan da ta kasa ganewa. Haɗawa kuma ka bar wa ƙwararren mai aikin wuta, domin wayoyin da ke shigowa daga mita suna ɗauke da wuta ko da ka kashe babban makunni.