Bindigar kurege ta ado daga masassaƙan Ahwiaa: wane salo ya kamata a ba su?

A Ahwiaa, garin masassaƙa da ke kan hanyar Mampong in an fita daga Kumasi, akwai wata rumfa da ta ƙara wani aiki a kan kujerun sarauta da sandunan girma. Tana sassaƙa dogayen bindigogin ɗuri irin na mutanen Amurka na da, don ratayawa a bango ko don masu shirya wasan kwaikwayo. Itacen nasu ne, baƙin ƙarfen wani maƙeri ne a unguwar Aboabo ta Kumasi yake buga musu, tagulla kuma daga masu zubi na ƙauyen Krofofrom take zuwa. Mun duba guda uku da suka gama, kowace da salonta, muka auna su, muka ɗaga su a kafaɗa.

Waɗannan bindigogi ba sa harbi. Bututun sandar ƙarfe ce curarriya mai kusurwa takwas, an ɗan rarake bakinta kamar rabin inci don a ga faɗin harsashin da ake kwaikwayo, babu kafar da wuta za ta shiga, ƙyastun ma, wato ƙarfen da ke tada wuta in an ja kunama, zubi ne kawai. Dokar makamai ta Gana ta 1972 ta hana ƙera bindiga ba tare da izinin gwamnati ba, kuma tun 2007 akwai hukuma ta musamman mai lura da ƙananan makamai. Maigidan rumfar ba ya ma sauraron wanda ya ce a huda masa bututu, kuma daidai ya yi.

Matsalar da ke kai yawancin masu oda ga nadama ita ce zaɓen salo. Mutum zai zo da hoto a waya, ya ce yana son ƙaramin baki, .32 ko .36 na inci a faɗin rami, irin wadda Amurkawa ke kira bindigar kurege, amma hoton da ya nuna na bindigar shekarun 1770 ne. Biyun ba sa haɗuwa. Bindigogin farko, waɗanda maƙeran da suka fito daga Jamus suka yi a jihar Fensilbaniya ta Amurka, masu babban baki ne, galibi .50 ko sama, da gindi mai faɗin kusan inci 2, da akwatin ƙyalle, wato ɗan gurbi a gindi da ake ajiye ƙyallen naɗe harsashi, mai murfin itace. Ƙaramin baki ya yawaita ne daga baya, daga wajen 1800 zuwa gaba, lokacin da manyan namun daji suka ja baya a gabashin ƙasar, aka koma kurege da zomo da gasar saiti, dalma da albarushi kuma kowa na tattalinsu. Saboda haka wanda ya ce .36, ya riga ya zaɓi zamani ko bai sani ba, kuma zamanin na siraran bindigogi ne.

Akwai kuma lissafin nauyi. Duk ƙanƙantar rami, ƙarfen da ya rage a jikin bututu ya fi yawa, shi ya sa masu yin bindigar kurege ke neman siririn bututu. Ma'aunin da aka saba shi ne inci 13/16 daga gefe zuwa gefe, tsawo inci 42. Curarren ƙarfe mai wannan ma'auni yana kusan kilo 3. In aka sa mai inci 15/16 don shi aka samu a Suame, unguwar makanikai da masu ƙarafa ta Kumasi, ya doshi kilo 4, hanci ya rinjayi gindi, ƙusar bango ta fara karkata. Ku tsaya a kan 13/16, ko da za a jira mako biyu kafin a goge sandar.

Ta farko da muka duba salon Lankasta ce, wani yanki na Fensilbaniya, wanda sunan maƙeri Jacob Dickert ya fi fice a cikinsa. Kowa shi yake so, domin shi ne mai ƙyalli: doron gindi miƙaƙƙe, ƙasansa miƙaƙƙe, gindin kamar alwatika, akwatin ƙyalle na tagulla mai ɓangare huɗu da fure a kansa, ga zanen ganye mai lanƙwasa a bayan majinginar kunci. A nan ne rumfar ta fi rauni. Zubin kakin zuma na Krofofrom ya iya 'yan mutum-mutumi da duwatsun wuya, amma akwatin ƙyalle asalinsa fallen tagulla ake yankawa, kaurinsa bai wuce inci 1/16 ba. Wanda aka zuba ya ninka haka, sai masassaƙi ya haƙa itace da zurfi don ya zauna, gefensa kuma ya fito sama, yana kama yatsa in an shafa. Zanen ma an yi shi da zurfi kamar na kujera. Zanen bindiga kuwa da kyar yake tashi inci 1/32 daga jikin itace, inuwa ce ke nuna shi, ba tudu ba. Hannun da ya saba da gizago da babban kurfi sai an yi ta ja masa birki. Wanda ya nace sai Lankasta, ya sayi fallen tagulla da kansa, ya ce a yanka da zarto, ya kuma rage zane zuwa layi biyu ko uku.

Ta biyu salon Lihai ce, na yankin Fensilbaniya da maƙeri Herman Rupp ya yi aiki. Kada ku ba su wannan. Ba don ba su da hannu ba, sai don salon gaba ɗaya lanƙwasa ne: doron gindi ya yi tozo, ƙasan ƙota ya lanƙwaso tun daga kunama har dunduniya, wuyan ƙota faɗinsa ya fi tsayinsa. Ko a Amurka masu wannan sana'a suna ɗaukarsa cikin masu wuyar kamawa, kuma ba a koyonsa daga hoton gefe ɗaya. Wadda muka gani ta fito kamar sandar dogarawa da ta sha rana.

Ta uku ita ce dalilin rubuta wannan sharhi. Salon tsaunukan kudu ne, na gabashin jihar Tenesi da yammacin jihar Karolaina ta Arewa a Amurka, inda iyalan Bean da na Gillespie suka yi suna a ƙera bindiga. Talakan bindiga ce: baƙin ƙarfe maimakon tagulla, babu zane, doguwar wutsiyar bututu da ke gangarowa kan wuyan ƙota, kunama biyu, siririn gindi mai faɗin inci 1 da 'yan kai, ƙarfen gindin ya lotsa ciki kamar jinjirin wata. Wasu suna da akwatin ƙyalle siriri mai siffar ayaba, wasu ko shi babu, rami ne kawai a jikin itace da ake cusa kitse a ciki. Abin da ya sa ta dace da Kumasi a fili yake. Mutanen tsaunin da guduma da uwar maƙera suka buga kayansu, maƙerin Aboabo ma haka yake aiki. Ƙarfen gindin da ya yi guda biyu ne da aka haɗa da narkakkiyar tagulla, kuma in aka juya shi ana ganin siririn layin rawaya a mahaɗar, yadda ake gani a tsofaffin na asali. Garkuwar kunama tana da 'yan sawun guduma a ciki inda magagari bai kai ba. A kan Lankasta wannan aibi ne, a kan wannan kuwa shi ne kamanninta.

Zaunar da ƙarfe cikin itace shi ne inda ake gane masassaƙi, kuma a nan sun ci yabo. Yaron maigida yakan riƙe ƙarfen a kan fitilar kananzir har ya yi baƙi da hayaƙi, ya danna shi a gurbinsa, ya ɗaga, sai maigida ya kankare inda baƙin ya taɓa kawai, a sake shafawa, a sake dannawa. Wutsiyar bututu kaɗai takan ci wuni. Mun gwada cusa gefen takarda tsakanin wutsiyar da itace, bai shiga ba.

Duk da haka ita ma ba ta tsira ba. Gaban ƙotar ya yi kauri. Wannan ciwon kowane masassaƙin Gana ne, domin bindigar da idonsa ya saba gani ita ce adaka, wadda ake harbawa a jana'izar manya da bukukuwan sarauta, irin waɗanda ke ajiye a gidan tarihin sojoji na Kumasi. Adaka mai zagayayyen bututu ce da ƙota mai jiki, ba ta san rowar itace ba. Bindigar kurege kuwa itacen da ke gefen bututu bai kamata ya wuce inci 1/8 ba, kusa da baki ma ya fi haka siranta, kuma rabin bututun a waje yake, ba a binne shi. Tsakanin kwarin bututu da ramin sandar ɗuri a bar inci 1/8 zuwa 3/16. In aka bar inci 1/4 ko fiye, duk gaban bindigar ya yi ciki, kuma babu gyara bayan an huda ramin. Sandar ɗurin kanta inci 5/16 ce ga .36. Wadda suka sa ta kai 3/8, zobbanta suka yi girma, suka ƙara wa cikin tulu. Ku rubuta waɗannan ma'aunai a takarda, ku je ku gani da ido kafin a huda.

Ƙyastu ma yana da ƙabila. Na Fensilbaniya na farko irin na Jamus ne, mai faranti da tsinin wutsiya. Na tsaunukan kudu yawanci daga Ingila ake shigo da su, irin na gidan Ketland na Bamingam, masu ɗan gajeren faranti da zagayayyen ƙarshe. Rumfar tana da zubi ɗaya tak, babba, mai kusan inci 5¼, kuma shi take maƙala wa kowace. A kan siririyar bindiga yana kama da rawanin uba a kan ɗan yaye. Ku ce a yi sabon kaki, faranti kamar inci 4¾, ko da za a ƙara kuɗi. Wanda ke son bindigar bayan 1830 yana iya neman ƙyastu mai hula, wanda ke buga 'yar hular tagulla ta tada wuta, maimakon mai ƙanƙara, ya fi sauƙin zubi, kuma shi ya dace da salon Bedfod na Fensilbaniya mai zurfin gangaren gindi, ko rabin ƙota irin ta iyalan Vincent na Ohayo. Wannan ta ƙarshe tana da wata fa'ida: itacenta gajere ne, ba a shan wahalar nemansa.

Batun itace kuwa sai an zauna. Na asali da itacen Amurka ake yi, mafil mai zara-zara ko itacen da ake kira gyadar Turawa baƙa, wadda aka yi amfani da ita sosai a kudu. Babu ɗayansu a kasuwar katako ta Sokoban. Cikin itatuwan Gana, wanda ake kira wawa ya yi laushi, farce ma yana lotsa shi, gefen inci 1/8 ba zai rayu ba. Odum yana da ƙarfi amma jijiyarsa a harɗe take, yana tsagewa a gurbin ƙyastu, yana kuma dakushe kurfi. Safele yana yaudarar mutane saboda ratsinsa, alhali ratsin nasa tsaye yake bin tsawon katako, na mafil kuwa a gicciye yake kamar na damisa. Asanfena mai zara-zara shi ya fi kusa da mafil a ido, sai dai yana cin kaifi, a yi ta wasa wuƙa. Ga salon tsauni, mansoniya ce ta fi: launinta da laushin jijiyarta sun yi kama da baƙar gyada. Ƙurarta tana da illa ga hanci da fata, don haka a rufe fuska wajen goge ta.

Katakon ya kai inci 60 a tsawo, kauri 2¼ zuwa 2½, kuma jijiyar ta bi gangaren wuyan ƙota, domin nan ne bindiga ke karyewa in ta faɗo daga bango. Ku tambayi yaushe aka yanka shi. Ƙa'idar kafintoci ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri in a inuwa ake shanyawa. Ɗanyen katako yakan yi lafiya a damina, hunturu na shigowa sai gaban ƙota ya murɗe, ƙarfen gindi ya fito ya bar itace a baya. A kan Lankastan da muka duba har an fara ganin haka a dunduniya.

Shafe shi ne rigima ta ƙarshe. In aka ƙyale su, banis mai sheƙi za su fesa, irin na kujerun falo, bindiga ta fito kamar roba. Ku ce man linsid dafaffe, wato man shafe katako, a shafa kaɗan da tafin hannu, a goge ragowar, a bar shi ya bushe kwana biyu ko uku, a maimaita sau shida zuwa takwas. A damina ya fi haka jinkiri, kuma wanda ya ɗora sabon shafi a kan wanda bai bushe ba zai samu danƙo mai kama ƙura. Ƙarfen kuma ba fenti ake masa ba. Ana barinsa ya yi tsatsa mai laushi, a goge da tsumma mai kaushi, a sake, har ya koma launin goro, sannan a wanke, a ɗumama, a shafa mai. Raɓar Kumasi tana yin wannan aiki cikin 'yan kwanaki, har ma takan wuce gona da iri ta ci ƙarfen in an manta da shi dare biyu.

Suna karɓar rabin kuɗi kafin a fara, kuma wa'adin da suka faɗa a ƙara masa, musamman in an nemi sabon ƙyastu, tunda hannu uku ne a wuri uku. Ranar ɗauka a karɓi rasit da ya faɗi ƙarara cewa kayan ado ne marar rami, a naɗe ta cikin kwali, kada a rungumo ta a fili cikin tiro-tiro, wato motar haya. Tsawonta ya kusa inci 58, ba ta shiga but ɗin ƙaramar tasi sai an kwantar da kujerar baya, kuma ɗan sandan da ke shingen hanya ba ya gane curarren bututu daga nesa.