Kundin Krause ko Numista: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Tara Tsofaffin Kuɗi a Ƙauye?

Malam, ka ce ka gaji gwangwani cike da anini da kwabo mai huji da sulalla a gidan kakanka da ke wani ƙauye a ƙasar Ringim, kuma kana tambaya ko ka sayi babban kundin nan na Krause, ko kuwa Numista da ake buɗewa a waya ta wadatar.

Kundin, wanda cikakken sunansa Standard Catalog of World Coins, Chester Krause da Clifford Mishler ne suka fara fitar da shi a Amurka a 1972, kuma daga haruffan farko na sunayensu aka samo lambar KM da dillalan duniya suke kiran kowane irin kuɗi da ita. An raba shi ƙarni-ƙarni, saboda haka wanda ya shafe ka shi ne mujalladin 1901 zuwa 2000, mai shafi sama da 2,000. Daga cikin wannan tulin, abin da ya shafi kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingila da na Nijeriya shafuka ne ƙalilan, ga shi za ka biya kuɗin dukkan littafin da na dakonsa daga ƙetare. Numista kuwa a Faransa aka kafa ta a 2007, kyauta ce, masu tara kuɗi ne suke cika ta da bayanai, kuma takan kawo lambar KM ɗin a jikin kuɗi, ta yadda ba ka rasa wannan amfanin ba.

Wajen gane kuɗi da ido, Numista ta yi wa kundin nisa. Hotunanta masu launi ne, ana iya faɗaɗa su, alhali na kundin baƙi da fari ne. Wannan yana da muhimmanci ga abin da ke hannunka, domin sulen da aka fara bugawa a 1913, shekara guda bayan kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, na azurfa ne, amma daga 1920 aka koma yin sa da farin tagulla, zanen bishiyar kwakwar manja kuma bai sauya ba. Haka nan anini na farko, na 1907, da alminiyam aka yi shi, kwabo mai huji kuwa sai a 1952 ya koma jan ƙarfe.

Inda kundin ya fi ƙarfi shi ne jadawali. Shafi ɗaya zai shimfiɗa maka shekaru a jere, da adadin da aka buga a kowace shekara, da ɗan harafin da ke nuna maƙerar da ta buga: H na nufin kamfanin Heaton na Birmingham, KN na nufin King's Norton, wanda babu harafi a jikinsa kuma yawanci daga maƙerar gwamnatin Ingila ya fito. Kwabo biyu masu shekara ɗaya sukan bambanta a daraja saboda wannan harafin kaɗai. Numista ma tana da waɗannan alƙaluma, sai dai a ƙaramin allon waya mutum yakan yi ta ja sama da ƙasa, kuma duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu ya san yadda sabis yake ɗaukewa, ya san kuma wahalar kai waya shagon caji. Littafi bai san wannan ba. Abokan gabarsa gara ne da danshin damina, shi ya sa akwatin ƙarfe ya fi masa dacewa.

A maganar farashi ina roƙon ka yi hattara da duka biyun. Kamfanin da ya mallaki Krause ya karye a 2019, don haka farashin da ke cikin duk bugun da za ka samu ya kwana biyu. Bugu da ƙari, da dala aka rubuta shi, don kasuwar Amurka da Turai, kuma a kowane layi ana jera farashin ne gwargwadon yadda kuɗi ya sha hannu, babban adadin da ke ƙarshen layi na kuɗin da bai taɓa shiga hannu ba ne. Kwabon da ya yi shekaru yana zagaya kasuwar gyaɗa ya riga ya sha hannu, matsayinsa na farkon layi ne. Misali mai kyau shi ne kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a shekarar da ya hau gadon sarauta. Mutane sukan ɗauka dukiya ce, amma an buga shi da yawa ƙwarai, kuma adadin da duka kundin da Numista suka kawo zai nuna maka hakan. Kada kuma ka goge ko ɗaya da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, domin masu saye suna rage farashin kuɗin da aka goge.

Abin da babu ɗayansu da zai ba ka shi ne labarin yadda kwabo da sule suka ture kuɗin wuri a kasuwanninmu. Don wannan sai ka nemi littafin Ekpo Eyo, Nigeria and the Evolution of Money, na 1979, a ɗakin karatu na jami'a.

Da ni ne kai, da Numista zan fara: in zauna inda sabis yake da kyau, in rubuta shekara da harafi da lambar KM na kowane kuɗi a littafin rubutu. In daga baya tsohon bugun Krause ya faɗo da araha, sai in saya ko da ya shekara ashirin, tunda kuɗin Afirka ta Yamma an daina buga su tun 1958, na Tarayyar Nijeriya masu shekarar 1959 kuma naira da kwabo suka maye gurbinsu a 1973.