Sharhi a kan tashar jirgin ƙasa ta Surbiton

Tashar Surbiton tana kudu maso yammacin Landan, cikin ƙaramar hukumar Kingston upon Thames, a kan babban layin dogon da ya tashi daga Waterloo, babbar tashar da ke tsakiyar Landan, ya nufi Woking da Basingstoke da Southampton. Tsakaninta da Waterloo mil 12 ne, wato kilomita 19 da 'yan kai. Na yi zama a wannan unguwa, kuma ta wannan tasha nake zuwa aiki cikin gari in dawo, don haka abin da zan faɗa a kanta na fasinja ne wanda ya san safiyarta ya san marecenta. A ganina tasha ce mai kyau ƙwarai, amma alherinta bai cika isa ga mutum ba sai ya san jirgin da zai hau da kuma lokacin da zai fito.

Ba za a gane dalilin da ya sa ƙaramar unguwa irin wannan ta samu jirage masu sauri haka ba sai an koma tarihi. A lokacin da kamfanin London and Southampton Railway yake shimfiɗa layinsa, garin da ke da kasuwa da suna a yankin shi ne Kingston, kuma ta nan ya kamata dogon ya bi. Sai dai manyan garin suka ƙi, domin arziƙinsu ya rataya ne a kan kekunan doki masu ɗaukar matafiya da masaukan da ke ciyar da su, suna tsoron jirgin ƙasa ya kashe musu sana'a. Saboda haka aka kauce da layin zuwa kudu, ya ratsa ta gonakin Surbiton, aka buɗe wata 'yar tasha a watan Mayun 1838, aka kuma raɗa mata suna Kingston duk da cewa ba a cikin garin take ba. A wancan lokaci jiragen a tashar Nine Elms ta Landan suke tsayawa, domin ba a buɗe Waterloo ba sai 1848. Wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Pooley ya hango abin da manyan Kingston ba su hango ba, ya sayi fili kusa da dogon ya fara gina gidaje, ko da yake bashi ya ci ƙarfinsa daga baya har bankin Coutts ya karɓe aikin. A 1845 aka mayar da tashar wurin da take a yau, a 1867 kuma ta koma amsa sunan Surbiton kawai. Ita kuwa Kingston ba ta samu tata tashar ba sai 1863, kuma a kan reshe mai zagaye. Har gobe ana ganin sakamakon wancan ƙin da safe, sa'ad da motocin bas masu lamba 71 da 281 ke sauke mutanen da suka taso daga ɓangaren Kingston domin su kama jirgi mai sauri a nan.

Ginin da ake gani yanzu na 1937 ne, kamfanin Southern Railway ya gina shi a ƙarƙashin babban mai zanen gine-ginensa, James Robb Scott, wanda shi ne kuma ya zana babbar ƙofar tunawa da mamatan yaƙi a Waterloo. An yi shi da kankare, an shafe shi da fari, da dogayen tagogi a tsaye da siririyar hasumiya mai agogo a gefe guda, bisa salon da Turawa ke kira Art Deco. A 1983 hukuma ta saka shi cikin gine-ginen tarihi masu kariya a mataki na biyu, don haka ba a taɓa fasalinsa sai da izini. Masu ɗaukar hoto suna son sa, kuma suna da gaskiya, amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka tsara shi domin mutane masu gaggawa. Zauren sayar da tikiti yana da tsawon rufi da wadatar haske, daga shi kuma matakala ta haura zuwa gada mai rufi wadda ta ratsa saman layukan ta sauka a ɗaya ɓarin, inda akwai ƙaramar ƙofa ta biyu ga mazauna kudancin dogon. Mutum ba ya ɓata a ciki, ba ya kuma buƙatar tambaya. An yi wannan gini a shekarar da wutar lantarki ta kai layin Portsmouth da na Alton, bayan da jiragen Hampton Court suka riga suka koma lantarki tun 1916, wato an gina shi ne da sanin cewa fasinjoji za su ƙaru.

Dandamali huɗu ne, biyu-biyu a haɗe. Na 1 da na 2 na masu shiga Landan ne, na 3 da na 4 na masu fita, a tsakiyarsu kuma akwai layin da ba shi da dandamali, wanda jiragen nesa ke bi a guje ba tare da tsayawa ba. Wanda bai saba ba yakan razana da ƙararsu, kuma gargaɗin da ake yi ta lasifika cewa a tsaya bayan layin rawaya ba na wasa ba ne.

A kan jiragen ne tashar ta yi fice. Mai sauri yana kai mutum Waterloo cikin kusan minti 20, wani lokaci ƙasa da haka, wanda ya fi abin da mazauna unguwanni da yawa da suka fi kusa da tsakiyar birni ke samu. Akwai kuma mai tsaye-tsaye, wanda ke bi ta Berrylands da New Malden da Raynes Park da Wimbledon da Earlsfield da Clapham Junction da Vauxhall, shi kuma yakan ci fiye da rabin awa. Dukansu Waterloo ne a rubuce a goshinsu, kuma sau da yawa a dandamali ɗaya suke tsayawa, don haka baƙo yakan faɗa cikin wanda ya fara zuwa, ya zauna yana kallon mai saurin da ya taso bayansa yana wuce shi a hanya. Maganin wannan shi ne a karanta jerin tashoshin da ke gudana a allon sanarwa kafin a shiga. Duk da haka mai tsaye-tsayen yana da ranarsa, domin shi ne ke sada mutum da jirgin ƙarƙashin ƙasa a Wimbledon ko a Vauxhall, tunda Surbiton ba ta da irin wannan jirgi ko kaɗan. Ta ɗaya ɓangaren kuwa ana samun jiragen Woking da Guildford ta Cobham, da na Hampton Court da ke tsayawa a Thames Ditton kaɗai kafin ya isa bakin fadar Sarki Henry na Takwas, a kan reshen da aka buɗe tun 1849.

Inda tashar ta gaza shi ne cunkoso. Kafin annobar korona wajen mutum miliyan 9 ke shiga da fita ta ƙofofinta a shekara, adadin da ya yi wa ginin 1937 yawa. Da safe jiragen masu sauri sun riga sun ɗebo mutane daga garuruwan Surrey kafin su iso, saboda haka wanda ya hau a nan tsakanin ƙarfe bakwai da rabi da takwas da rabi kada ya sa rai da kujera. Tsayuwar minti ashirin ba ta kashe kowa, amma ga tsoho ko mai juna biyu ko mai jaka abin lura ne. Da yamma kuma matsalar takan koma kan dandamali na 3 da na 4, inda jirgi guda ke zubar da ɗaruruwan mutane a lokaci ɗaya, kowa yana neman hawa gada. An ƙara matakala a wannan ɓari a 'yan shekarun nan, kuma ta rage wahalar sosai, ko da yake ba ta kawar da ita ba. Akwai lif ga masu keken guragu da masu keken jarirai, akwai ma'aikata a bakin ƙofofin tikiti, akwai kuma wuraren sayen shayi da ɗan abin taɓawa.

Batun kuɗi ma sai an yi lissafi. Surbiton tana shiyya ta 6 a tsarin kuɗin sufuri, wadda ke cikin na bakin iyakar Landan, don haka kuɗin zuwa tsakiyar gari da dawowa ba kaɗan ba ne, musamman a lokutan tsada na ranakun aiki, wato daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da kuma daga 4:00 zuwa 7:00 na yamma. Ana biya da katin Oyster, wato katin biyan kuɗin sufuri na Landan, ko da katin banki ko da waya, sharaɗin kawai shi ne a taɓa da abu ɗaya wajen shiga da wajen fita, in ba haka ba a caje mutum kuɗi mafi yawa. Katin Oyster yana aiki har Hampton Court, amma ba ya kai mutum Woking ko Guildford, don haka mai zuwa can ya tabbatar da tikitinsa tun kafin ya wuce ƙofa.

Kamfanin South Western Railway ne ke tafiyar da tashar da jiragenta, kuma tun ranar 25 ga Mayun 2025 ya koma hannun gwamnati, shi ne na farko da aka karɓe a ƙarƙashin sabuwar dokar mayar da jiragen fasinja mallakar jama'a. Fasinja bai ga bambanci a dandamali nan take ba, kuma ban yi tsammanin zai gani da wuri ba, tunda layukan da siginonin dama suna hannun Network Rail, hukumar da ke kula da layukan dogo. Ita ce ke gyaran dogo a ƙarshen mako, lokacin da akan rage jirage ko a maye gurbinsu da motocin bas, saboda haka mai niyyar tafiya ranar Asabar ko Lahadi ya duba jadawali tun daren Juma'a.