Ofishin zanen injiniya a Wuse: yadda suke zana jirgin sama

Akwai wani ƙaramin ofishin zane a Wuse, Abuja, da ɗalibai da masu ƙera jirage marasa matuƙi ke yawan zuwa. Suna aiki da manhajar zane ta AutoCAD, suna bugawa har girman takardar A1, wato milimita 594 da 841. Layinsu na fita tsaf, tawada ba ta malala.

Sun riƙe ƙa'idar da aka saba: gefen hagu na jirgi ake nunawa, hancinsa na kallon hagun takarda. Hagu kuwa hagun matuƙi ne yana zaune a kujerarsa, ba na mai tsaye gaban jirgi ba. A kan sassa masu tagwaye, kamar haƙarƙarin fiffike, suna zana na hagu, su rubuta cewa na dama kishiyarsa ne. Wannan daidai.

Inda suke tuntuɓe shi ne tsarin jera hotuna. A tsarin kusurwa ta uku, na Amurka, hoton saman jirgi na zama bisa hoton gefe, na gaba kuma a hagunsa. A tsarin kusurwa ta farko, na Turai, hoton sama na sauka ƙasa, na gaba ya koma dama. Sukan jera da na Amurka amma su bar alamar mazugi ta Turai (alamar da ke nuna tsarin da aka bi) a akwatin suna, wato inda ake rubuta bayanan zane, don ita ce a tsohon fayil ɗinsu. Mai lanƙwasa alminiyam ya bi alamar, sashen ya fito a juye, an yi asarar ƙarfe.

Kafin ka biya, duba alamar nan, ka kuma auna sikeli da rula, don wani lokaci firinta kan rage zane ya shiga takarda.